Zaɓen Faifan Birkin Mota a Mahangar Kimiyya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan gyaran motoci, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya san irin tambayar da mai shago kan tarbi mai saye da ita: "Alhaji, na kamfani za a kawo, ko ɗan Beljiyam, ko mai sauƙin kuɗi?" Idan abin da aka zo nema madubi ne ko murfin fitila, kuskuren zaɓe ba ya wuce asarar kuɗi. Amma idan faifan birki ne, to magana ta tashi daga kan aljihu ta koma kan rai.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗurran hanya, kuma waɗannan haɗurra su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, watau tsaran ɗaliban makarantunmu. Haɗari yana da dalilai da dama, kuma lalacewar birki tana daga cikin waɗanda ilimi kaɗan zai iya karewa. Wannan maƙala za ta bayyana aikin faifan birki, sa'an nan ta nuna yadda sanin aikin nasa yake sauƙaƙa zaɓen nagari a kasuwa.

Mene ne faifan birki?

Faifan birki wani zagayayyen ƙarfe ne mai kama da faifan rufe ƙwarya, wanda ake ɗaurawa a bayan tayar mota, yana juyawa tare da ita. A gefensa akwai wani ƙarfe da ya kama shi kamar yadda muƙamuƙi ke kama abinci, wanda makanikai ke kira kalifa. A cikin kalifa akwai takalman birki guda biyu, waɗanda aka fi sani da fad, ɗaya a kowace fuska ta faifan. Idan direba ya taka birki, ƙarfin ƙafarsa yana matsa man birki da ke cikin bututu, man kuma ya tura takalman su matse faifai. Wannan ya dogara ne a kan ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yana isa kowane sashe nasa ba tare da raguwa ba.

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistar fasahar birki mai faifai tun a 1902, amma ba ta karɓu ba sai bayan rabin ƙarni. A 1953 motar Jaguar mai irin wannan birki ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, a 1955 kuma kamfanin Citroën ya sa shi a motarsa ƙirar DS. A yau kusan kowace ƙaramar mota tana da faifai a tayoyin gaba, ko da kuwa na baya masu ganga ne.

Ina gudun mota yake tafiya?

Ɗaliban fiziya sun san cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Masanin Ingila James Joule ya tabbatar a shekarun 1840 cewa motsi yana iya komawa zafi, shi ya sa ma aka sa wa ma'aunin makamashi suna jul. To, idan mota mai gudu ta tsaya, makamashin motsinta zafi yake komawa, kuma mafi yawan wannan zafi a cikin faifan birki yake sauka.

Lissafi zai ƙara fito da maganar fili. Ana samun makamashin motsi ne idan aka ninka nauyin abu da gudunsa, aka sake ninkawa da gudun, sa'an nan aka raba biyu. Alal misali, a ɗauki mota mai nauyin kilo 1,500 tare da fasinjojinta, tana gudun kilomita 100 a awa, watau kimanin mita 27.8 a daƙiƙa. Makamashin motsinta ya kai kimanin jul 580,000. Wannan zafi ya isa ya kai ruwa kusan lita biyu ga tafasa, kuma a cikin daƙiƙoƙi kaɗan birki yake haɗiye shi. Da a ce gudun kilomita 50 take yi, da makamashin bai wuce jul 145,000 ba. Ashe ke nan idan gudu ya ninka sau biyu, aikin birki sau huɗu yake ninkawa.

Lokacin taka birki nauyin mota yana rinjaya gaba, don haka tayoyin gaba ne ke ɗaukar kimanin kashi 70 cikin 100 na aikin. Ke nan kowane faifan gaba zai karɓi kusan jul 200,000. Kilo ɗaya na ƙarfen zubi yana buƙatar kimanin jul 460 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas. Idan aka sauƙaƙa lissafi aka ɗauka cewa zafin duka ya bazu a jikin faifan, to faifai mai kilo 7 zai ƙara zafi da digiri 62, mai kilo 5.5 kuwa da digiri 79. Tsayawa ɗaya ce, mota ɗaya ce, amma faifai marar nauyi ya fi ɗaukar zafi, kamar yadda ƙaramar tukunya ke riga babba tafasa a kan murhu guda.

Matsalar takan tsananta a gangare mai tsawo, irin na Hawan Kibo a Jihar Filato. Idan wannan mota ta sauko daga tudun da tsayinsa ya kai mita 300, makamashin da za a kawar ya haura jul miliyan 4.4, watau fiye da ninki bakwai na waccan tsayawa. Direban da ya bar wa birki wannan aiki shi kaɗai yana iya gamuwa da ɗayan abu biyu. Na farko, idan takalman birki suka yi zafi fiye da kima, ƙaron da ke riƙe da sinadaransu yakan fara ƙonewa, sai kamunsu ya ragu. Na biyu, zafin yakan ratsa ya isa ga man birki. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma man birki yana zuƙar danshin iska a hankali, kuma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da zarar ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, sai direba ya ji feda ta nutse ƙasa mota ba ta tsaya ba. Wannan shi ne abin da ake kira tsinkewar birki a lokuta da dama, alhali babu abin da ya tsinke.

Darasi daga kunnen giwa

Tara zafi rabin aikin faifai ne, ɗaya rabin shi ne fitar da shi kafin a sake taka birki. A nan ilimin halittu yana da misali mai kyau. Giwar Afirka tana da ƙaton jiki mai tara zafi, sai Allah ya hore mata faffaɗan kunnuwa cike da jijiyoyin jini. Jini yana kwaso zafi daga cikin jiki ya kawo kunne, ita kuma ta riƙa kaɗa kunnen iska tana ɗauke zafin. Sirrin abu biyu ne: faɗin wurin da ke haɗuwa da iska, da kuma motsin iskar.

Injiniyoyi sun bi wannan hanya. Faifan baya na motoci da yawa dunƙulallen ƙarfe ne guda, domin aikinsa kaɗan ne. Faifan gaba kuwa galibi fuska biyu ne da aka haɗa da 'yan ginshiƙai, aka bar ƙofofin iska a tsakani. Idan taya tana juyawa, waɗannan ginshiƙai suna aiki kamar fanka, suna jawo iska daga tsakiya suna watsa ta waje. A wasu motocin ginshiƙan a karkace suke, don haka akwai faifan dama da na hagu, kuma idan aka musanya su sanyayawar takan ragu. Motar da ta zo da faifai mai ƙofofin iska ba a mayar mata da dunƙulalle, komai arhar sa.

Ƙarfen da ake yin faifai da shi

Yawancin fayafayan birki da ƙarfen zubi mai ruwan toka ake yin su. A cikinsa akwai sinadarin kabon kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100, kuma mafi yawansa yana zaune ne a matsayin ƙananan ɓarɓashin girafayit, watau baƙin abin nan da ke cikin fensir. Wannan ɓarɓashi yana taimaka wa zafi ya bazu da sauri maimakon ya taru wuri ɗaya, yana kuma shanye girgiza, sai ƙarar birki ta ragu. Ingancin faifai ya dogara ne a kan daidaita waɗannan sinadarai da kuma yadda aka bar zubin ya huce. Idan aka narka tarkacen ƙarfe ba tare da awo ba, faifan zai iya fitowa da ramukan iska a ciki, ko wani sashe ya fi wani tauri. Ido ba ya ganin wannan aibi a shago, sai a kan hanya yake bayyana.

Sumul, mai huda, ko mai tsaga?

Ta fuskar kamanni, faifai iri uku ne a kasuwa. Akwai mai fuska sumul, wanda shi ne yawancin motoci ke fitowa da shi daga kamfani. Akwai mai huje-huje, akwai kuma mai tsaga-tsaga a fuska. Matasa da yawa sukan ƙyasa mai huda saboda yana kama da na motocin tsere. Asalin hudar kuwa shi ne, takalman birki na da can sukan fitar da iskar gas idan sun yi zafi, sai aka yi ramuka domin iskar ta sami mafita. Takalman zamani ba su da wannan matsala sosai. Bugu da ƙari, kowace huda tana rage ƙarfen da zai tara zafi, kuma bakinta wuri ne da tsagewa kan fara idan ƙarfe yana buɗewa yana tsukewa saboda zafi da sanyi, musamman a faifai mai arha da aka huda bayan zubi ba tare da lissafi ba. Mai tsaga yana share fuskar takalmi, yana kuma kore ruwa, amma yana cinye takalmin da wuri, kuma yakan yi ƙara.

Ga motar gida ko ta haya da ke bin hanyoyi masu yashi da taɓo da ƙurar hunturu, faifai sumul mai cikakken nauyi ya wadatar. Wanda ya bar shi ya sayi mai huda marar asali saboda kyan gani, ganin kitse ya yi wa rogo.

Daga ina faifan ya fito?

Ta fuskar asali kuwa, kayan kasuwa kashi huɗu ne. Kashi na farko shi ne wanda ke zuwa a kwalin kamfanin motar, shi ya fi tsada. Na biyu shi ne na kamfanonin da sana'arsu ke nan ƙera kayan birki, irin su Brembo da Bosch da ATE da TRW. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanonin motoci da kansu sukan sayi kayan birki daga irin waɗannan masana'antu, don haka faifansu na gaskiya ba abin rainawa ba ne. Na uku shi ne na gwanjo, wanda aka ciro daga tsofaffin motocin ƙasashen waje. Asalinsa yana iya zama nagari, amma wani ya riga ya ci rabin rayuwarsa, kuma ba a san irin zafin da ya sha ba. Na huɗu shi ne jabu, wanda ke shigowa cikin kwali mai sunan babban kamfani.

Wata dabarar masu ƙera faifai mai arha ita ce su rage kaurin fuskoki biyun, su faɗaɗa ƙofar iskar da ke tsakani. Idan aka auna kaurin daga waje sai a ga daidai yake, alhali an rage ƙarfe. Lissafin da aka yi a baya ya riga ya nuna sakamakon haka.

Domin daƙile irin wannan ha'inci ne aka kafa wata ƙa'ida a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 90, wadda ta shar'anta cewa kayan birkin da ake sayarwa don musanya su yi aiki daidai da na asali. Daga watan Nuwamba na 2016 ƙa'idar ta hau kan faifan birkin sababbin ƙananan motoci a Turai. Faifan da ya ci wannan jarrabawa yana ɗauke da harafin E da kuma lamba mai ɗauke da 90R. A Nijeriya, kula da ingancin kayan da ake shigowa da su aikin hukumar SON ne. Sai dai mai jabu ma yana iya buga tambari, don haka tambari shaida ɗaya ce daga cikin shaidu.

Matakan zaɓe

1. A tabbatar faifan na wannan motar ne. Motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta a girman faifai, gwargwadon injinsu da kuma ƙasar da aka ƙera su dominta, Amurka ko Turai ko Japan. A tafi kasuwa da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tare da tsohon faifan, a gwada faɗi da kauri da tsayi da ramin tsakiya da ramukan noti.

2. A nemi rubutun MIN TH a gefen faifai ko a tsakiyarsa. Lambar da ke biye da shi ita ce mafi ƙarancin kaurin da aka yarda faifan ya kai, kuma galibi milimita 2 zuwa 3 ne kacal tsakaninta da kaurin sabo. Faifan da ba shi da wannan rubutu abin zargi ne.

3. A ɗora shi a sikeli. Tsohon faifai ya riga ya zubar da ƙarfe, don haka sabon da bai kai tsohon na asali nauyi ba, an rage masa wani abu.

4. A leƙa gefensa a ga kaurin fuskoki biyun, a tabbatar sun yi daidai da juna, ginshiƙan iska kuma ba su da gurɓin zubi ko tsaga.

5. Idan dole ta sa a sayi na gwanjo, a auna kaurinsa da ma'auni a wurare da dama. A guji mai tsaga, da mai zurfin kwari, da mai tabon shuɗi, domin shuɗin alamar ƙuna ce.

6. A saya biyu, dama da hagu, iri ɗaya, tare da sababbin takalma. Idan gefe ɗaya ya fi kamu, mota za ta fizga gefe lokacin da aka fi buƙatar ta tsaya a miƙe.

Bayan saye

Nagartaccen faifai ma yana lalacewa a hannun gaggawa. Direbobi kan yi ƙorafin cewa sitiyari yana rawa idan sun taka birki, su ce faifai ya lanƙwashe. A mafi yawan lokuta abin da ya faru shi ne kaurin fuskarsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma tushen haka sau da yawa ranar ɗaurawa ne. Karkatar da kamfanoni da yawa ke yarda da ita ba ta wuce kimanin milimita 0.05 ba, watau kwatankwacin kaurin silin gashi. Ɗan tsatsa ko ƙwayar yashi da aka bari a mazaunin faifan ya isa ya haifar da fiye da haka. Don haka wajibi ne makanike ya goge mazaunin tas, ya wanke man hana tsatsa da ke jikin sabon faifai, ya kuma ɗaure notuna da awo, yana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi.

A kilomita 200 zuwa 300 na farko, ya kamata direba ya riƙa taka birki a hankali, domin faifai da takalmi su saba da juna. A gangare ya sa ƙaramar giya inji ya taya birki aiki. Kada kuma a watsa wa faifai mai zafi ruwa, domin sanyin farat ɗaya yana tsaga ƙarfen zubi. Kai faifai wurin masu injin sassaƙar ƙarfe su share fuskarsa yana da amfani ne kawai idan kaurin da zai saura bai gaza lambar MIN TH ba.

Akwai kuma batun lafiyar mai gyara. Abin da ke zaizayewa daga faifai da takalmi ƙura yake zama, kuma ƙwayoyin da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba suna iya wuce hanci su shiga hanyoyin numfashi. A da ana yin takalman birki da asbestos, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon dajin huhu, kuma ba kowace ƙasa ce ta haramta shi ba. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar Euro 7, wadda a karon farko ta sa iyaka ga ƙurar birki. Yaran gareji, waɗanda da yawansu tsaran 'yan sakandare ne, su daina hure wannan ƙura da baki ko da iskar famfo, su riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Gwaji a aji

Malami zai iya nuna waɗannan ƙa'idoji ba tare da mota ba. Ɗalibai su goga tafin hannuwansu da ƙarfi su ji yadda motsi ke komawa zafi. Sa'an nan a zuba ruwan zafi mai yawa ɗaya a kofi da kuma faranti, a riƙa auna zafinsu kowane minti biyu, a sake gwajin ana yi wa farantin fifita. A ƙarshe su lissafa makamashin motsin motar nan mai kilo 1,500 idan tana gudun kilomita 120 a awa, su kwatanta da na kilomita 60.

Kammalawa

Faifan birki ma'ajiyar zafi ne kuma mafitarsa. Wanda ya riƙe wannan ya san tambayoyin da zai yi a shago: shin faifan ya dace da motar, yana da cikakken nauyi, an rubuta iyakar kaurinsa, an san wanda ya ƙera shi? Tsada kaɗai ba ta tabbatar da inganci, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi zai iya raka mahaifinsa ko yayansa kasuwa, ya roƙi mai shago ya ɗora faifan a sikeli kafin a biya kuɗi.